Anti, da gaske haihuwa ta tsuke min ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 25, ina aure nan cikin garin Sakkwato, wata biyar ke nan da haihuwata ta fari, ɗiya mace. Kafin in haihu ina saida atamfa da leshi ta WhatsApp, kuma wallahi duk wanda nike bi bashi da ko nawa ne a kai nike riƙe shi, ban taɓa buƙatar littafi ba. Yanzu ko tukunya na ɗora sai ƙauri ya tuna min, in ina sallah in rasa raka'a nawa na yi, ran nan gishiri sau biyu na sa ma miya. Maigida ya ga wani bidiyo a Facebook wai masana sun ce ciki na sa ƙwaƙwalwar mace ta ƙanƙance, tun daga ranar ko kuskure kaɗan na yi sai yac ce "ai ba laifinki ba ne, ƙwaƙwalwar ce ta tsuke". Shi da wasa yake faɗi amma ni har cikin raina nike jin abin. Hajiyarshi kuma tac ce shafar iska ce, don na taɓa fita da magariba ban gama wanka ba, har an kawo min rubutu da hayaƙi. Wajen haihuwar na zubda jini sosai sai da aka ƙara min leda biyu, na rame ƙwarai, shi ne wata maƙwabciya ta ba ni ƙwayoyin ƙiba waɗanda ake ce ma sha ka fashe, sati shidda ke nan ina sha a ɓoye. Fuskata ta yi kumatu amma barci ya guje ni, ga kuka ba dalili, wani lokacin in kalli ɗiyar in ji kamar ban cancanci zama uwarta ba. Anti da gaske ƙwaƙwalwata ta lalace? Za ta dawo? Mi zan yi?

Wata baiwar Allah, Sakkwato

Wa'alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya mana ɗiya ya sa mata albarka, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki: ƙwaƙwalwarki ba ta lalace ba. Macen da ta iya zama ta jero min damuwarta tiryan-tiryan haka, da lissafin watanni da na satittika ba kuskure, kanta na aiki. Amma ba zan ɓoye miki ba, a duk wasiƙar nan abin da ya fi tada min hankali ba bidiyon maigida ba ne, ƙwayoyin nan ne da kike sha a ɓoye, kuma zan zo kansu. Ki dai daure ki karanta har ƙarshe ko da a zama biyu ne.

Shi wancan bidiyo rabin magana ya ɗauko ya bar rabi a hanya. Kinga jikin ɗan Adam yana haɗa wasu sinadarai da ake kira homon, kamar 'yan aike ne, wani sashe na jiki zai sake su cikin jini su kai saƙo wani sashen. Cikinsu akwai dangi guda da ake ce ma siteroyid, duk daga kolestarol jiki ke ƙera su, wannan kitsen dai da ake ta tsoratar da mutane da shi, ashe shi ma da ranarshi. Estirojin da furojestaron su ne suka fi yawa ga mata, daga ma'ajiyar ƙwan mace suke fitowa, testostaron ya fi yawa ga maza, sai kotisol da kowa ke da shi, wanda wasu ƴan ƙullutu guda biyu da ke zaune saman ƙoda suke fitarwa musamman in mutum ya shiga tashin hankali ko wahala. Da yake cikin kitse suke narkewa, shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa daga abubuwan da ke yawo a jini ba ya hana su wucewa, kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwar suna da wuraren karɓarsu tamkar kwaɗo da mabuɗinshi. In sun shiga ba yanayin mutum kaɗai suke taɓawa ba, har ginin wurin suke sauyawa. Tun a 1990 wasu masana a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka, Catherine Woolley da Bruce McEwen da abokan aikinsu, suka nuna cewa a macen ɓera ƴan mahaɗan da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke gaisawa da juna ta cikinsu suna ƙaruwa in estirojin ya hau, in ya sauka su ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a kwana guda tak, sannan su sake tsirowa a zagaye na gaba. A wani sashe ne mai suna hifokamfas, wanda shi ne ke ɗaukar sabon abu ya adana. Ki riƙe sunan nan don za mu dawo gare shi.

To balle kuma ciki. Mabiyiya ai ba abinci kaɗai take kai ma jariri ba, masana'anta ce sukutum, wata tara tana kwarara estirojin da furojestaron cikin jininki ninkin ba ninkin, yawan da jikinki bai taɓa gani ba tun da aka haife ki, shi ma kotisol yakan ninka biyu zuwa uku a ƙarshen ciki. A birnin Basalona na ƙasar Sifen, wata mai bincike Elseline Hoekzema da tawagarta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 25 da na'urar MRI kafin su ɗauki cikin fari da kuma bayan sun haihu, aka fitar da sakamakon a ƙarshen 2016. Lallai sun ga ɓawon ƙwaƙwalwa, wannan mai ruwan toka, ya ɗan ragu a wasu wurare, har ta kai kwamfuta na iya ware wacce ta haihu da wacce ba ta haihu ba daga hoton kawai, kuma bayan shekara biyu sauyin na nan. Nan mai bidiyo ya tsaya ya kashe kyamara. Abin da bai faɗa ba, wuraren da suka sauya su ne masu aikin karantar mutum, gane mi wani ke ji ko mi yake so ba tare da ya buɗe baki ba, su ne kuma suka fi motsawa da aka nuna ma matan hoton jariransu, wacce nata sauyin ya fi yawa ma an ga ta fi shaƙuwa da ɗanta. Sannan da aka yi musu gwajin tuna abu, ba a ga sun gaza matan da ba su haihu ba. A 2024 ma an sake wani a Kalifoniya, mace guda wacce ita kanta masaniyar ƙwaƙwalwa ce aka ɗauki hoton kanta sau 26 tun kafin ciki har shekara biyu bayan haihuwa, raguwar ta kai wajen kashi 4 cikin 100, amma jijiyoyin da ke sada sashe da sashe sai suka ƙara inganci lokacin cikin. Matar nan tana nan tana koyarwa a jami'a abinta.

Masu binciken sun fi karkata ga cewa gyara ne. Ke ƴar Sakkwato ce kin san gero, in ya tsiro cunkus a rami ɗaya manomi bi yake yana cire wasu ya bar ƴan kaɗan, wanda bai san noma ba sai ya ce ɓarna ake, alhali wanda aka bari shi zai yi zangarniya. Irin haka ke faruwa lokacin balaga ma, ga namiji da mace duka, homon ya taso ɓawon ƙwaƙwalwa ya rage kauri, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ɗan shekara takwas ya fi na ashirin hankali don nashi ya fi kauri ba. Shi ya sa yanzu kike iya bambanta kukan yunwa da na zafi da na barci alhali maigida duk kuka ɗaya yake ji.

Amma kuma mantuwar da kike yi gaskiya ce, ba zan ce miki ƙarya kike ba ko raki. Sai dai ni inda nake zargi daban. Uwar da ake tashinta sau uku sau huɗu kowane dare wata biyar cur, ga zafin garin nan ga rashin wuta, ko Farfesa ce sai ta sa gishiri sau biyu, don a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da ta kwaso da rana. Ga jinin da kika zubar, leda biyu ba wasa ba ne, in har yanzu bai cika ba shi kaɗai ya isa ya kawo kasala da jiri da rashin tattara hankali. Sannan ga faɗuwar homon ɗin kanta: mabiyiya na fita, cikin ƴan kwanaki estirojin da furojestaron suke rikitowa ƙasa warwas, kuma shayarwa na ƙara riƙe estirojin a ƙasa. Furojestaron akwai wani sinadari da jiki ke samarwa daga gare shi mai kwantar da ƙwaƙwalwa, to shi ma tare suke faɗuwa. Shi ne dalilin da mafi yawan masu jego ke ɗan kuka da saurin fushi a satin farko, wannan kam da kanshi yake wucewa cikin sati biyu. Naki ya kai wata biyar, har da jin ba ki cancanci ɗiyarki ba, wannan ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 13 cikin 100 na masu jego a duniya na samun matsala irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuwa kusan kashi 20, wato a taron suna in kika ƙirga masu goyo biyar da wuya a rasa guda, kowa dai ta shafa hoda ta yi shiru ne. Ciwo ne mai magani, kuma ba shi da alaƙa da ƙarancin imani ko rashin son ɗiya. Wacce ba ta son ɗiyarta ai ba za ta zauna tana kukan ko ta cancance ta ba.

Yanzu ƙwayoyin. Yawancin abin da ake saidawa da sunan maganin ƙiba, musamman wanda ake ɓarewa a ƙulla a leda ba kwali ba takarda, akwai deksametason a ciki, wani lokacin a haɗa da wani mai buɗe ciki. Deksa ɗan uwan kotisol ne da aka ƙera a kamfani, amma ya fi shi ƙarfi wajen sau 25. Magani ne mai amfani ƙwarai a hannun likita, ana ceton rai da shi, amma kumatun da yake kawowa ba lafiya ba ce, kitse ne da ke taruwa a fuska da ciki da doron wuya yayin da naman hannu da ƙafa ke zubewa, ga hawan jini ga suga ga fata mai nankarwa, ga garkuwar jiki ta yi sanyi. Kuma hana barci da rikita zuciya da mantuwa duk suna cikin aikinshi da aka sani. Kin tuna hifokamfas? Yana cikin sassan da suka fi ko'ina yawan wuraren karɓar kotisol, kuma masu ciwon da jikinsu ke fitar da kotisol fiye da kima, wanda ake kira ciwon Cushing, an auna an ga nasu ya ƙanƙance kuma suna fama da mantuwa. Abin daɗin shi ne in aka yi maganin abin kotisol ya sauka, wurin na sake murmurewa. Kin ga ke nan cikin ba shi ne abin tsoro ba, abin da ke ƙulle a ledar nan ya fi shi.

Sai dai don Allah don Annabi kar ki ce daga yau kin watsar da su gaba ɗaya. Na san haka zuciya za ta ba ki. In mutum ya wuce sati uku yana shan irin wannan, ƴan ƙullutun nan na saman ƙoda sai su ga ana kawo kaya daga waje su kwanta barci su daina haɗa nasu, in aka yanke kwatsam jiki ya wayi gari ba na waje ba na gida, jini ya faɗi, amai, galabaita, wani har suma, kuma yana iya kisa. Likita ne zai tsara miki yadda za ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har su farka. Kar ki ƙara yawan da kike sha, kar ki sayi sabo, ki je asibiti cikin kwana biyun nan.

Asibitin kuwa ba ki rasa ba, ga na Maryam Abacha na mata da yara, ga na ƙwararru, ga UDUTH wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, duk wanda ya fi miki sauƙi. Abin da nake so shi ne kar ki je ki ce "jikina ne ba daɗi" a rubuta miki maganin maleriya ki dawo. Tunda mantuwa ake fama da ita, ki rubuta a takarda tun daga gida: ranar haihuwa, jinin da aka ƙara miki, cewa kina shayarwa, sati nawa kina shan ƙwayar da guda nawa a rana, rashin barci, kukan, da wannan tunanin game da ɗiyar, shi ma kar ki ji kunyar faɗinshi. Ki roƙi a duba yawan jininki, da suga, da hawan jini, da tayirod wato ƙullutun gaban wuya wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, don shi ma yakan rikice bayan haihuwa ya kawo irin waɗannan alamun. Zubar jinin kuma ki jaddada ta, saboda akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wanda shi ke ba sauran umarni, zubar jini mai yawa wajen haihuwa kan iya raunata shi, alamarshi ta farko galibi rashin zuwan nono ce, ba ki ce min naki bai zo ba don haka ban cika zargin wannan ba, amma likita ya sani. In sun ce sai kin ga likitan ƙwaƙwalwa, ko a nan cikin gari ko a Kware, ki je. Na san yadda sunan Kware yake a bakin mutanenmu, to masu tsegumin ba su ne ke kwana ido biyu ba. Akwai magungunan damuwa da mai shayarwa ke iya sha, wata ma zama da mai ba da shawara kaɗai ke isarta. Abu ɗaya da ba ya jiran gobe: in kika ji tunanin cutar da kanki ko ɗiyar, ko kika fara jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba su gani, a wannan sa'ar ki faɗa ma wanda ke kusa a kai ki asibiti.

Maigida kuma, ban ɗauke shi mugu ba, irin mazan nan ne da in abu ya ɗaure musu kai sai su maida shi wasa. Amma wasan da ɗaya ke dariya ɗaya na haɗiye hawaye ya tashi daga wasa, kuma ina kyautata zaton bai san yana miki zafi ba don ke ma murmushi kike mishi. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi ɗiya ta yi barci, ba lokacin da ya faɗi maganar ba, ki ce mishi Baban wance maganar nan tana ƙona min rai, ina tsoro ne da gaske. Ki ba shi wannan amsar ya karanta da kanshi, in ya zo nan kuma, malam barka da ƙoƙari, kai ma ba ka tsira ba, wani bincike da aka yi a ƙasar Filifin aka fitar a 2011 ya nuna testostaron na maza na sauka in sun zama uba, ya fi sauka ma ga masu taya raino. Abin da za ki nema wajenshi ƙarara ne: ya bar zolayar, ya kai ki asibiti, kuma ya karɓi ɗiyar bayan sallar asuba ko bayan isha'i ki samu barcin awa uku huɗu a jere. Batun ƙwayar ni shawarata ki faɗa mishi, don ragewar za ta ɗauki satittika kuma kumatun za su saɓe, gara ya ji daga bakinki. Ban san mi ya sa ramar ta dame ki har haka ba, ko wata magana aka yaɓa miki ko tsoron kar idonshi ya koma waje, in haka ne shi ma ki fito da shi fili. In kuma kin san halin kayanki, kin ga faɗin zai zama fitina, to ki fara da Innarki ko yayarki, ita ta raka ki, shi a sanar da shi daga baya.

Hajiya kar ki ja da ita. Ita ma magani take nema miki da abin da ta sani, wacce ba ta damu da ke ba ai ko rubutun ba za ta aiko ba. Ki karɓi addu'a ki gode, ki riƙe azkar ɗinki, ba abin da ya hana a haɗa da asibiti tunda Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma Alƙur'ani da kanshi a Suratu Luƙman ya kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni. Hayaƙin ne kawai ban yarda a turara a ɗaki rufe da jaririya ba, ƙirjinta bai yi ƙwari ba. Wannan kuma ɗanta ne zai faɗa mata, ba ke ba, ya ce likita ne ya hana.

Kafin jiki ya dawo, ki daina gwada kanki da waccan da ke riƙe bashin mutum talatin a ka. Sayi ɗan littafi ki rubuta, manyan ƴan kasuwa ma rubutawa suke, ki sa ƙararrawar waya duk sanda kika ɗora tukunya, ki rage karɓar oda zuwa abin da ba zai hana ki barcin rana ba. Sallah kuma in kin yi kokwanto ki gina kan mafi ƙaranci ki yi sujadar rafkanuwa, shari'a ta san da mantuwa tun kafin ke. Ƙibar da kike nema tana cikin kwano, hanta, wake, ƙwai, zogale, kifi, ga hura da nono mai kyau, da maganin ƙarin jini in likita ya rubuta, a hankali za ta zo. In akwai ƙanwar da za a ba ki ta zauna da ke wata ɗaya ki roƙa, in babu kuma ki nemi izini ki je gida sati biyu ki yi barci Inna ta riƙe jika.

Ranar zuwa asibitin ki tafi da ƙwayoyin yadda suke a ledarsu, har da kwalin in akwai, kar ki zubar ko guda. In kin dawo ki rubuto min abin da awon jinin ya nuna, ina jira.